Bugu na biyar na D&D: farin jini ya samu, to ina haɗarin?

Laminu (Yantala): Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana kan bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wasan tebur da mai jan wasa ke ba da labari, 'yan wasa kowa da jaruminsa, ana jefa ƙwaya mai lambobi don sanin sakamako, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Wasan nan ba ya kisa. 'Yan teburina sun daina tsoron komai. In na ce musu ga dodo a bakin kogo, ba mai tambaya ko akwai wata hanya, sai dai "wa zai fara jefa ƙwaya?" Jarumi ya faɗi, jininsa, wato makin ransa, ya kai sifili, kafin layi ya zagayo kansa mai magani ya furta kalma guda daga nesa, sai ka ga ya miƙe da takobinsa. Su kwanta awa takwas, gari ya waye jinin kowa ya cika fal. Na yarda ba a taɓa yin bugun da ya kai shi farin jini ba. Tambayata ita ce, ba da haɗarin wasan aka sayi farin jinin nan ba?

Jibo (Harobanda): Wa alaikumus salam. Wato kai mai jan wasa, baƙin cikinka shi ne ba mu mutu ba. Allah ya ƙara mana tsawon rai.

Malam Isuhu (Tawa): Wa alaikumus salam Laminu. Magana taka tana bisa hanya, sai dai yaran ga na yanzu ba su san abin da kake kwatantawa da shi ba. Wasan ga ya fito a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson sunka ƙirƙiro shi, kamfanin TSR ya buga shi a wani ƙaramin gari, Lake Geneva, cikin jihar Wisconsin ta Amurka. Ni da tsohon bugu na faro, wanda anka fassara da Faransanci, lokacin ina karatu waje. A irin wanda munka yi, in ka zaɓi boka, ƙwaya mai fuska huɗu za ka jefa ka san jininka. In ta ba ka 1, to 1 ɗin ke gare ka, kuma sihiri guda kake da shi a yini. Gizo-gizo mai dafi ya cije ka, ka jefa ƙwaya ka faɗi, shi ke nan, ka mutu ko jininka nawa ne. Akwai matattun da in sun taɓa ka sai su zare maka mataki guda, abin da ka yi watanni kana tarawa. Warkewa kuwa a hankali take, wajen maki guda a kwana.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: mafi yawan makin ci gaba daga zinariya ake samunsa. Kowane tsabar zinari da ka fito da shi daga kogo maki guda ne. Kashe dodo ba ya ba da wani abin kirki. Saboda haka mai wayo ba ya faɗa in shina da hanyar kaucewa. Shina sanɗa, shina ba da cin hanci, shina haɗa dodanni biyu faɗa ya kwashe dukiya ya gudu. Ba mai shiga rami babu doguwar sanda ta taɓa ƙasa saboda tarko. Wanga tsoro shi ne daɗin wasan, kuma shi ne ban gani ba a bugu na biyar.

Balkisa: Malam, barka da dare, a yi mini afuwa zan ja da ku kaɗan. A zamaninku minti nawa ake ɗauka a yi jarumi? Ƙwaya uku sau shida, a rubuta suna, an gama. In ya mutu sai a juya takarda. Ni jarumata na san sunan garinsu, na san dalilin da ya sa ta bar gidan ubanta, na san wanda take bin bashi. Littafin ma shi ya ce in rubuta waɗannan, akwai gurbin hali da buri da rauni a takardar. Idan gizo-gizo ya kashe ta a zama na biyu saboda ƙwaya ɗaya ta faɗi ba daidai ba, ba tsoro zan koya ba, daina rubuta labari zan yi. Wasan da kuke so da wanda muke yi suna ɗaya gare su, amma ba abu ɗaya mutane ke nema a cikinsu ba.

Malam Isuhu (Tawa): Ɗiyata, labarin jarumi a wurinmu bayan ya rayu ake samunsa. Wanda ya kai mataki na biyar ba sai ya rubuta komi ba, kowa a tebur ya san abin da ya gani.

Balkisa: To Malam, nawa ne suke kaiwa na biyar ɗin? 😄

Zakari (Bukoki): Bari in kawo lissafi kafin a yi nisa. Yaya Laminu ya yi gaskiya kan faɗuwa. A bugu na biyar in jininka ya kai sifili ba ka mutu ba, suma ka yi. Duk lokacin da layi ya zo kanka za ka jefa ƙwaya mai fuska 20. Daga 10 zuwa sama ka ci, wato fuska 11 cikin 20, kashi 55 cikin 100. Ka ci sau uku ka tsira, ka faɗi sau uku ka mutu. In 1 ta fito faɗuwa biyu ce, in 20 ta fito ka farfaɗo da jini guda. In aka haɗa duka, ko ba wanda ya kula ka, wajen 60 cikin 100 za ka rayu. Kuma wa ake bari ba a kula ba? Sihirin nan na warkarwa da kalma yana kaiwa ƙafa 60, ba ya ma cinye wa mai magani babban aikinsa na zagayen. Daga mataki na biyar kuma akwai sihirin da ke tayar da wanda ya mutu in bai wuce minti ɗaya ba, sai dai a ƙona lu'ulu'u na zinari 300.

Amma akwai abin da Yaya bai faɗa ba, kuma a ganina nan maganar take. Littafin mai jan wasa na 2014 ya faɗi irin yinin da aka gina lissafin a kansa: jarumai za su iya ɗaukar karo shida zuwa takwas, matsakaita ko masu wuya, kafin dogon hutu, da gajeren hutu kamar biyu a tsakani. An yi wasan ne a kan ƙarewar guzuri. Boka yana da adadin sihirin da zai yi a yini, mai magani haka, jini yana raguwa a hankali. Karo na farko ba a so ya ba da tsoro. Na shida ake so ya ba da tsoro, lokacin da boka ya ƙone manyan sihirinsa, mai magani saura masa guda, kowa jininsa rabi. Yaya Laminu, karo nawa kake ba mu tsakanin barci da barci?

Jibo (Harobanda): Ɗaya. Ni shaida ne. Ranar da ya yi fushi, biyu.

Zakari (Bukoki): To ka gani. Muna shiga kowane faɗa da cikakken ƙarfi, mu zazzage duk abin da muke da shi a zagaye uku, mu je mu kwanta. Ba dodon da zai tsaya wa haka sai wanda zai iya kashe mu da bugu ɗaya, shi kuma ba daɗi.

Sani Bagobiri: Ɗan kokowar da ya zo ya yi karo guda ya koma gida, ai ba za ka haɗa shi da wanda ya kai ranar ƙarshe a gasar Takobi ba, bayan ya gwabza da 'yan jihohi kwana da kwanaki, gwiwa ta kumbura, kafaɗa ta yi tsami. Ƙarfin ɗaya ne, gajiyar ce ta bambanta. Laminu kullum ranar buɗe gasa yake ba ku.

Laminu (Yantala): Zakari, na san wannan shafin, ba yau na gan shi ba. Amma ka faɗa mini a wane tebur na Yamai za a yi karo shida. Muna haɗuwa Lahadi bayan la'asar. Kafin Jibo ya ƙetaro gada an sha shayin farko. A yi sallar magariba, a dawo, 'yan mata su ce ana nemansu gida kafin isha'i. Faɗa guda da mutum biyar yana cin kusan awa ɗaya. In an ɗauke kuran kuma sai da fitilar salula ake karanta takarda. Ka lissafa mini.

Zakari (Bukoki): Yinin wasa ba shi ne zaman wasa ba, Yaya. Ba wanda ya ce in mun tashi daga tabarma jarumai ma sun kwanta. Mu tsaya a tsakiyar kogo, kowa ya rubuta jinin da ya rage masa da sihirin da ya ƙone, ka karɓe takardun ka ajiye. Lahadi mai zuwa mu ɗora daga nan. Yini ɗaya na jarumai zai iya cin Lahadi uku.

Jibo (Harobanda): Ya karɓe takardun, wannan shi ne muhimmi. In aka bar wa Bagobiri takardarsa ya kai gida, jinin da ya tashi da 4 zai dawo 14.

Sani Bagobiri: Bazabarme, bawana, kai da ƙwayarka ke faɗawa ƙarƙashin kujera kullum ta fito da 20?

Laminu (Yantala): A cikin kogo maganarka tana aiki, Zakari. Amma ni ba labarin kogo nake ja ba. Ayari ne ke ƙetare hamada, tafiyar mako biyu. Zan sa 'yan fashi su tare su sau shida a yini guda? Wane irin hanya ce wannan? Abin da hankali zai ɗauka shi ne a yi kwana uku ba a ga kowa ba, ranar na huɗu a yi karo. Kuma duk wannan karon da cikakken jini za su shige shi. Ko labarin fada da makirci, inda ake yin wata guda ana magana kafin a zare takobi. Bugun ya ce yana ɗaukar kowane irin labari, amma lissafinsa na rami ne.

Kuma ko yunwa da ƙishirwa ba su da haƙora. Sihirin mataki na farko yana ba da 'ya'yan itace goma, kowane guda ya ƙosar da mutum yini cur. Wani na mataki na farko yana cika tulu da ruwa galan goma. To me ya rage na hamada?

Balkisa: Akwai dokar zafi ai. Na gan ta a littafin 2014: in zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Amurka, wajen 38 a namu, kuma ba ruwan sha, kowace awa sai an jefa ƙwaya, wanda ya faɗi ya hau matakin gajiya guda. Gajiya ta kai shida mutuwa ce.

Jibo (Harobanda): 38? A watan Afrilu a Yamai in aka ce 38 ai sanyi ya sauko. Da wannan doka da mu duka mun mutu tun muna firamare.

Malam Isuhu (Tawa): Ku zo Tawa da azumi ku gani.

Rabi: Salamu alaikum, ni sabuwa ce a zauren, ƙawata ta sa ni. Ina karanta ku ina mamaki, don ni zamana na farko aka kashe ni. Boka na ɗauka, jinina 8. Muna shiga wani daji wani ƙaton dodo mai gashi ya fito daga bayan itace da kulki, mai jan wasa ya jefa ƙwayoyi ya ce 18. Ko jifan tsira ɗin da Zakari ke faɗa ban yi ba, aka ce na mutu nan take. Shi ne nake cewa wane sauƙi ake magana?

Zakari (Bukoki): Sannu da zuwa Rabi. Ba a cuce ki ba, doka ce. In bugu ya kai ki sifili, kuma abin da ya yi saura ya kai yawan cikakken jininki, babu suma, mutuwa ce kai tsaye. 18 a cire 8 saura 10, ya wuce 8. Wannan dodon a littafin 2014 kulkinsa ƙwaya biyu ne masu fuska takwas da ƙarin 2, in ya shammace ki a ƙara ƙwaya biyu masu fuska shida. Matsakaicinsa 18 ɗin ne daidai. Kuma littafin ya sa shi a ma'aunin wuya na 1, wato wai ya dace da sababbin jarumai.

Wannan ma wani aibin bugun ne da ba a cika faɗa ba. Wuyarsa a juye take. Mataki na ɗaya da na biyu, lokacin da ɗan wasa bai san komai ba, nan ne ake mutuwa. Daga na biyar, lokacin da mayaƙi ya fara sara biyu, boka ya sami ƙwallon wuta, sai mutuwa ta yi nisa. Daga sha ɗaya zuwa sama kuwa mai jan wasa ne ke shan wuya. Ma'aunin wuyar dodanni ma ba abin dogaro ba ne, don bai san ko jarumai huɗu ne ko shida ba, bai san kayan sihirin da suka tara ba, kuma yawancin dodanni sau ɗaya suke motsi a zagaye yayin da mutum biyar ke dukansu.

Rabi: Na gode. Wata tambaya, ku yi haƙuri in ba wurinta ba ne. Babana ya ga ƙwayoyin a jakata ya ce caca ce. Me kuke gaya wa na gida?

Malam Isuhu (Tawa): Ki nuna mishi zama guda in ya yarda, ya ga ba kuɗi a tsakani, ba mai ci ba wanda aka ci, tatsuniya ce ake yi tare, ƙwaya tana raba gardama. Hukuncin wasa da ƙwaya kuwa magana ce ta malamai, a tambaye su, kuma in mahaifi ya hana a bi shi. Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka cikin shekarun 1980 iyaye da masu wa'azi sun tayar wa wasan ga da hankali ƙwarai, har da anka fito da bugu na biyu a 1989 kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga littafin dodanni, daga baya ya sa musu wasu.

Mai kula da zaure: Maganar Rabi tana da muhimmanci, amma a buɗe mata zare daban don kada ta haɗiye wannan. A ci gaba da batun bugu na biyar.

Sani Bagobiri: Ni inda ban yarda da Laminu ba shi ne cewa rashin mutuwa ne ya kawo farin jini. Ku tuna bugu na huɗu na 2008. Jarumi a matakin farko ya fi na yanzu jini nesa ba kusa ba, kowa yana iya warkar da kansa a tsakiyar faɗa, amma mutane da yawa suka guje shi suka koma wasan Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009. Da wuyar mutuwa ce ke sayar da littafi, da na huɗu ya fi kowa kasuwa.

Abin da na biyar ya yi a 2014 shi ne ya rage lissafi. A bugu na uku sai ka tara ƙarin 2 daga nan, ragin 1 daga can, ƙarin 2 don kun sa abokin gaba a tsakiya, har ka manta me kake son yi. Yanzu in kana da rinjaye ka jefa ƙwaya biyu ka ɗauki babba, in an rinjaye ka ka ɗauki ƙarama. Ƙanwata da ke lise a minti biyar ta gane. Ƙarin gwaninta daga 2 yake farawa, a mataki na ashirin bai wuce 6 ba, don haka lambobi ba sa kumbura. Sannan suka saki ƙananan dokokin kyauta a intanet. Mu nan wannan ne ya shigo da mu. Littafi guda dala 50 ne, wajen jika 30 kafin kuɗin kawowa, kuma uku ne. Wane ɗalibi?

Balkisa: Ka ƙara da kallo. Critical Role sun fara nuna wasansu a intanet a 2015, masu sana'ar murya ne, Matthew Mercer yana ja. A 2016 fim mai dogon zango Stranger Things ya fito da yara suna wasan a ɗakin ƙasa. Korona ta zo a 2020 ta kulle mutane suka koma yi a intanet ta Discord da Roll20. Sai wasan kwamfuta Baldur's Gate 3 a 2023, na kamfanin Larian na Beljiyam, wanda a kan dokokin bugu na biyar aka gina shi. Ni ta nan na shigo, kuma ban ma buga shi ba, kwamfutata ba za ta ɗauka ba, a YouTube na riƙa kallo. Wanda ya shigo ta waɗannan ƙofofin labari ya zo nema, jarumin da zai yi shekara yana girma da shi. Kamfanin ya san su ne kasuwarsa.

Laminu (Yantala): To ai kin dawo kan maganata. Sun san masu saye ba sa son mutuwa, sai suka cire ta.

Balkisa: Ba su cire ta ba, Yaya Laminu, a hannunka suka sa ta. Doka ta ce in an bugi wanda ya suma, faɗuwa guda ce a jifan tsira. In mai bugun yana dab da shi, bugun ya zama mai tsanani, faɗuwa biyu ke nan. Dodo mai sara biyu zai iya gama da wanda ya faɗi a zagaye guda. Amma dodanninka da zarar mutum ya faɗi sai su juya su nemi wani, su bar shi mai magani ya tashe shi. Kura ce fa ka sa mana rannan. Kurar da ta kayar da nama sai ta bar shi ta tafi neman mai takobi?

Jibo (Harobanda): Kurar Laminu ta yi makarantar allo, tana da tausayi.

Laminu (Yantala): Ba tausayi ba ne. A tsohon bugu doka ce ke kisa, ba mai ganin laifin mai ja. Yanzu in na sa kura ta ja Jibo cikin duhu, kowa a tebur ya san ni na zaɓa. Zan ga fuskarsa, gobe kuma mu haɗu a fada. Dokar da ta ɗora wa mutum guda nauyin kashe jarumin abokinsa, ta sauke nauyin da ya kamata ita ta ɗauka. Wannan shi ne ƙorafina tun farko, ko ban iya faɗinsa haka ba.

Malam Isuhu (Tawa): Nan kam ka taɓo wurin. Maganinsa guda na sani: ka jefa ƙwayarka a fili, gaban kowa, kuma ka faɗi tun kafin a fara cewa namun daji suna jan wanda ya faɗi, 'yan fashi masu wayo suna fara kashe mai magani. In an amince da haka a zaman farko, ranar da ta faru ba kai ba ne. Mu a nan Tawa da yaran da nake ja wa, haka muke. Sun yi kuka sau ɗaya, yanzu ba mai barin ɗan'uwansa kwance.

Kuma in tsohon ɗanɗano kake so ba sai ka wahalar da bugu na biyar ba. Akwai Old-School Essentials, dokokin 1981 ne anka sake tsarawa. Akwai Shadowdark na 2023, inda fitilar itace awa guda take ci ta agogon gaske, in ta mutu kuna cikin rami kun shiga uku.

Jibo (Harobanda): Malam, mu da ake ɗauke wa kuran a tsakiyar faɗa, wannan dokar ai mun riga su.

Rabi: Ni kuma in tambaya, sababbin littattafan da ake cewa na 2024, sun gyara abin ko sun ƙara?

Zakari (Bukoki): Duka biyu. Ba su kira shi bugu na shida ba, gyaran na biyar ne, ya zo daidai da cikar wasan shekara 50. Littafin 'yan wasa ya fito Satumba 2024, na mai ja Nuwamba, na dodanni Fabrairu 2025. Ta ɓangaren jarumai an ƙara musu: sihirin warkarwa an ninka ƙwayoyinsa, shan maganin kwalba ba ya cin babban aiki, kowa yana farawa da baiwa guda, masu makami sun sami dabaru kamar ture abokin gaba ko kayar da shi. Ta ɓangaren dodanni an ƙara wa manya ƙarfin bugu, da yawansu kuma suna riga jarumai motsawa. Maganar karo shida zuwa takwas kuwa an cire ta daga sabon littafin mai ja. Amma sihiri har yanzu da dogon hutu yake dawowa, don haka matsalar Yaya Laminu tana nan, an daina ambatonta ne kawai.

Sani Bagobiri: Kada a manta kuma farin jinin ya taɓa girgiza. Wizards of the Coast, waɗanda suka sayi TSR a 1997 kafin Hasbro ta saye su a 1999, sun so canza lasisin da ke ba ƙananan mawallafa damar amfani da dokokin. A Janairun 2023 ke nan. Mutane suka yi ca, da yawa suka soke rajistarsu ta shafin wasan na intanet, D&D Beyond, kafin wata ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin Creative Commons. Wannan ya shafe mu kai tsaye: duk wanda ya ga dama a zauren nan zai iya mayar da waɗannan dokokin Hausa ya raba, in dai ya ambaci masu su. Na daɗe ina cewa a yi, a sa Dodo da Gizo da 'yan ruwa a madadin dodannin Turawa, ba mai amsa mini.

Balkisa: Gizo a matsayin abokin gaba zai fi kowane dodo wahala, don shi ba ya tsayawa a yi faɗa. Zai ci amanarku ya bar ku da bashin sarki. Wannan ma amsa ce ga Yaya Laminu. Jarumata ba ta tsoron mutuwa, gaskiya ne, amma ranar da muka tsaya dogon hutu muka iske an kwashe mutanen ƙauyen da muka yi wa alkawari, ba wanda ya yi magana a tebur. Ka riƙa sa wa barcinmu farashi.

Laminu (Yantala): Wannan ina yi, amma ba kowane mako za a sace ƙauye ba, za ku gane dabara ce. Ga abin da nake so mu gwada. A littafin mai ja na 2014 akwai zaɓin da ke mayar da gajeren hutu awa takwas, dogon hutu kwana bakwai. Barcin dare a hanya ba zai cika jini ba, ba zai dawo da sihiri ba, sai an isa gari an zauna mako guda. Da haka karo shida na Zakari za su bazu a kan tafiyar ayarin gaba ɗaya. Sannan zan jefa ƙwaya a fili kamar yadda Malam ya ce, kuma kura za ta zama kura.

Zakari (Bukoki): Zan yarda in an duba abu guda. Sihirin da ke daɗe awa takwas, kamar sulken boka, an yi shi ne ya rufe yini guda na faɗa. In dogon hutu ya koma mako, sai an tsawaita shi, in ba haka ba boka ya zama kamar na zamanin Malam. Mayaƙi da ɓarawo ba abin da ya dame su, su ne ma za su ji daɗi.

Sani Bagobiri: To ni daga Lahadi mayaƙi ne.

Balkisa: Ba a canza jarumi a tsakiyar hamada, Sani. Ni sharaɗina: in jarumata ta mutu, ni zan faɗi kalamanta na ƙarshe, kuma bashin da take bi ya koma kan wanda ya bar kura ta ja ta.

Malam Isuhu (Tawa): In akwai mai ƙwaya mai fuska 20 da ba ya amfani da ita, a ba direban motar Tawa ya kawo mini. Guda ke gare mu, mutum shida muna karɓa-karɓa.

Jibo (Harobanda): Malam, zan aiko muku da tawa.

Sani Bagobiri: Malam kada ku karɓa, 20 ce a fuska uku.